Wasan Golf a Ƙasar Jigawa da Fadama: Dokokinsa, Kayansa da Hanyar Ƙwarewa

Golf wasa ne da ake buga 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda, daga wani wuri da aka keɓe har a jefa ta cikin rami, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Wasu kafofin labarai na Hausa suna kiransa ƙwallon lambu. Cikakken fili yana da ramuka 18, ƙarami kuma 9. Kowane rami akwai adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi kafin ya jefa ƙwallo: uku a gajeren rami, huɗu a matsakaici, biyar a dogo. Idan aka haɗa duka, yawancin cikakkun filaye suna tsayawa tsakanin bugu 70 da 72. Faɗin bakin ramin milimita 108 ne a ko'ina a duniya. Zagaye ɗaya yana cin kusan awa huɗu, kuma mai tafiya a ƙasa yana taka kilomita da dama kafin ya kammala.

Asalin wasan da zuwansa Najeriya

A ƙasar Sikotland golf ya samu siffar da aka san shi da ita a yau. A 1457 Sarki James na Biyu ya hana shi, saboda yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka. An rubuta dokokinsa na farko a 1744 a Leith, kusa da Edinbura, sannan a 1764 filin St Andrews ya tsaya a kan ramuka 18, sauran duniya ta bi sahu. Waɗannan filaye na farko ba gina su aka yi ba. Tuddan yashi ne na bakin teku waɗanda ba su da amfanin noma, tumaki suna kiwo a kai suna rage tsawon ciyawa.

Turawan mulkin mallaka da na haƙar kuza ne suka kawo wasan Najeriya. Filin Rayfield na Jos, wanda ake danganta kafuwarsa da 1913, yana cikin mafi daɗewa a ƙasar. Kano da Kaduna da Zariya duk suna da tsofaffin kulob na golf. A Legas akwai filin Ikoyi, inda aka riƙa buga babbar gasar Najeriya, wadda Vijay Singh ɗan ƙasar Fiji ya ci a 1988 da 1989, kafin ya zama na ɗaya a duniya a 2004. A Abuja kuma akwai filin IBB, wanda ya shahara da korayen ciyayi da tafkuna.

A Jihar Jigawa, sunan da ke zuwa baki idan aka ambaci golf shi ne na marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 zuwa rasuwarsa a Janairun 2023. Shi ya kafa filin golf na masarauta a Dutse, kuma an san shi da son dashen itatuwa da kula da muhalli. Wannan fili ya nuna cewa ƙasar da ruwan sama ke sauka na 'yan watanni kaɗai a shekara tana iya ɗaukar wasan. Ga mutumin Haɗejiya ko Auyo ko Kafin Hausa da ke son ganin golf da idonsa, Dutse da Kano su ne wuraren zuwa.

Ƙasa da ruwa a kwarin Haɗejiya

Yanayin ƙasa shi ke tsara filin golf, kuma ƙasar Haɗejiya iri biyu ce. Akwai fadama mai laka, inda kogi ke malala da damina, ake noman shinkafa, da rani kuma alkama da kayan lambu. Akwai kuma tudu mai jigawa, inda gero da wake da riɗi ke yi. Fadama ba wurin golf ba ce. Ruwa yana kwanciya a kanta watanni, laka tana riƙe ƙafa, idan ta bushe kuma ta tsattsage. Uwa uba, ita ce abincin manomi da masunci da makiyayi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke isa dausayin Haɗejiya da Nguru ya sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, kuma kowane ɗigo akwai mai jiransa.

Tudu mai jigawa kuwa ya dace da wasan ƙwarai. Yashi yana shanye ruwa da wuri, ana gama ruwan sama a ci gaba da wasa, kuma hawa da gangaren tudu suna ba kowane rami nasa hali ba tare da an kawo katafila ba. Gawo da kuka da goriba da ke tsaye a fili su ne shingayen da ɗan wasa zai kauce wa. Ciyawar kiri-kiri, wadda manomi ke fama da ita a gona, dangin ciyawar da ake shimfiɗawa ce a filayen golf na ƙasashe masu zafi, domin tana jure tattaki da fari.

Abin da ya fi cin ruwa da kuɗi a fili shi ne dandalin da ke kewaye da rami, wanda ake kira girin, inda ake aske ciyawa ƙasa-ƙasa ana ba ta ruwa kullum. Tsofaffin filayen Arewa sun daɗe da samun mafita: suna yin dandalin da yashi mai laushi da aka cakuɗa da mai aka daddaɓe, ana kiransa burawun. Kafin ɗan wasa ya buga, sai a ja wani faifan katako ko buhu a kan yashin daga ƙwallo zuwa rami, a share sawun ƙafa, hanya ta yi sumul. Irin wannan dandali ba ya shan ruwa ko kaɗan. Illarsa ita ce baƙin man mota da aka saba amfani da shi yana iya tsiyaya ya gurɓata ruwan ƙasa, kuma a yankin da rijiya ba ta da zurfi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa a wasu wurare ake komawa ga man tsirrai ko shimfiɗar ciyawar roba.

Kayan wasa

Doka ta hana ɗan wasa ɗaukar sanda fiye da 14 a zagaye ɗaya. Abin da ya bambanta sandunan shi ne tsawonsu da kwanciyar fuskarsu. Sandar da ake kira direba ita ce mafi tsawo, kanta babba ne, fuskarta kusan a tsaye take, da kwanciyar digiri 9 zuwa 12, don haka tana aika ƙwallo nesa. Sandunan ƙarfe suna da lambobi, kuma yayin da lamba ke hawa, sanda tana gajarta, fuskarta tana ƙara kwanciya, ƙwallo tana tashi sama ta sauka kusa. Weji ita ce ta ɗaga ƙwallo daga kusa da dandali ko daga kwarin yashi, kuma ta yashi tana da kwanciyar kusan digiri 56. Fota kuwa ba ta ɗaga ƙwallo, gangara ta take yi zuwa rami.

Ƙwallon ma tana da ƙa'ida: nauyinta kada ya wuce giram 45.93, kaurinta kada ya gaza milimita 42.67. A da da fata ake ɗinka ta a cusa gashin tsuntsu, daga baya aka koma ƙaron itace, yau kuma roba ce mai hawa biyu zuwa biyar. 'Yan lotse-lotsen da ke jikinta, waɗanda yawanci suka haura 300, ba ado ba ne. Su ke sa iska ta manne wa ƙwallo ta rage ja da baya, kuma idan tana juyawa su taimaka mata ta tashi. Ƙwallo mai sulɓi kusan rabin nisan da mai lotse ke kaiwa kawai take kaiwa.

Mai koyo ba ya buƙatar sanda 14. Biyar ko shida sun wadatar: doguwa ɗaya, ƙarfe mai lamba 5 da 7 da 9, weji, da fota. Na hannu suna aiki daidai da sababbi muddin sandar ba ta lanƙwashe ba. Abin da ya kamata a duba shi ne robar mariƙi, domin zafi da ƙura suna sa ta bushe ta yi santsi, hannu ya riƙa zamewa. Wanke ta da ruwa da sabulu yana dawo da kamunta, kuma barin jaka a cikin mota a tsakar rana yana lalata ta. Ragowar kaya su ne safar hannu ɗaya, takalmi mai kama ƙasa, hula, da gorar ruwa.

Hanyar ƙwarewa

Ƙwarewa tana farawa daga riƙo. Mai amfani da hannun dama yana kama sanda da yatsun hannun hagu, ba da tsakiyar tafi ba, ya ɗora hannun dama a ƙasa da shi, hannayen biyu su haɗe su zama abu ɗaya. Matse sanda da ƙarfi yana sandarar da wuyan hannu ya kashe gudun bugu. Sai tsayuwa: ƙafafu daidai faɗin kafaɗu, gwiwa a ɗan sake, a sunkuya daga ƙugu, baya a miƙe. Yawancin masu koyo suna kuskuren saiti ba su sani ba, don haka ake ajiye sanda ɗaya a ƙasa tana kallon inda aka nufa, a jera ƙafafu da ita.

Ƙarfin bugu daga juyin jiki yake fitowa, ba daga damtse ba. Kamar yadda masunci ke jefa birgi, ya murɗa ƙugu da kafaɗa baya sannan ya sake su gaba ɗaya, hannu yana bi daga ƙarshe, haka ɗan golf ke ɗora nauyinsa a ƙafar baya ya mayar da shi ƙafar gaba. Da sandar ƙarfe, ƙwallo ake fara dukawa sannan ƙasa. Mai koyo yakan yi ƙoƙarin kwasar ƙwallo ya ɗaga ta da kansa, alhali kwanciyar fuskar sanda ce ke yin wannan aiki. Alamar bugu mai kyau ita ce gurbin da sanda ta yanka ya kasance gaban inda ƙwallo take, ba bayanta ba. A kan jigawa ana gane wannan cikin sauƙi: a ja layi a yashi, a yi ta bugu babu ƙwallo, a duba ko sanda tana taɓa ƙasa a kan layin ko gaba da shi kaɗan.

Kaso mai tsoka na bugun kowane zagaye ana yin sa ne a kan dandali da kewayensa, kuma bugun taku ɗaya daidai yake a lissafi da na mita 200. Saboda haka wanda ya ba gajeren bugu rabin lokacin atisayensa ya fi saurin rage maki a kan wanda ya wuni yana dukan direba. A kan dandalin yashi ƙwallo tana tafiya a miƙe amma a hankali, don haka ana buga ta da ɗan ƙarfi fiye da a kan ciyawa.

Yanayi ma yana da nasa darasi. Da rani ƙasa tana tauri, ƙwallo tana gudu sosai bayan ta sauka, sai a sauke ta kafin dandali a bar ta ta gangara. Lokacin hunturu iska tana kaɗawa daga arewa maso gabas. Mai fuskantarta yana ɗaukar sanda mai ƙaramar lamba ya buga a natse, ƙwallo ta bi ƙasa-ƙasa, domin bugu da ƙarfi yana ƙara mata juyi iska ta cilla ta sama. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ana fita da sassafe ko bayan la'asar, a riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya zo.

Doka da ladabi

Hukumomi biyu ne ke tsara dokokin golf, R&A ta St Andrews da USGA ta Amurka. A gyaran da suka yi a 2019, lokacin neman ɓatacciyar ƙwallo ya ragu daga minti biyar zuwa uku, kuma idan za a mayar da ƙwallo cikin wasa, ana sakinta daga tsayin gwiwa maimakon kafaɗa. A 2020 aka fara tsarin handikaf na bai ɗaya a duniya, wanda ke ɗaukar sakamako 8 mafi kyau cikin 20 na ƙarshe ya fitar wa ɗan wasa lambar da ke nuna matsayinsa. Da wannan lamba ake rage wa mai rauni bugu, har dattijo da saurayi, ko gwani da sabon shiga, su kara kuma kowa yana da damar ci. Wasan ya koma gasar Olamfik a 2016, bayan rabonsa da ita tun 1904.

A wasan yau da kullum babu alƙali da ke bin 'yan wasa. Kowa shi ke ƙirga bugunsa, kuma idan ya karya doka shi ke ɗora wa kansa hukunci ko da babu wanda ya gani. Ana yin shiru idan wani zai buga, ana gyara gurbin da sanda ta yanka, ana share sawu a kwarin yashi don mai zuwa a baya. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan golf na Najeriya sun fara ne suna yara masu ɗaukar jaka, suka koyi bugu da ladabi ta hanyar kallo. Wannan ita ce ƙofar da ta fi sauƙi ga matashin da ba shi da kuɗin rajistar kulob, kuma makaranta ko ƙungiyar matasa da ke da fegi a kan tudu tana iya buɗe wata ƙofar da ramuka uku, dandalin yashi, da 'yan sanduna na hannu da za a riƙa karɓa-karɓa.