Horon sababbin direbobin kamyo: wa zai ɗauki nauyin kuɗi?

Ƙasarmu Nijar ba ta da bakin teku, kuma layin dogon da ya taso daga Kwatanu iyakarsa Paraku, cikin ƙasar Benin. Saboda haka shinkafa da siminti da magani duk a bayan kamyo suke shigo mana. Albasar Galmi da man matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a shekarar 2011, su ma kamyo ke kai su kasuwa. Da aka rufe iyakar Gaya a shekarar 2023, sai manyan motoci suka koma biyowa daga Lome ta Burkina Faso, a jere, da rakiyar soja. Hanya ta ƙara nisa, buƙatar ƙwararren direba ta ƙaru.

To, ina ake samun direban? Yawancinsu daga aikin karen mota suka taso. Yaro yakan shekara da shekaru yana wanke mota, yana ɗaure tanti, yana sa waigi, abinci kaɗai ne ladansa, kafin maigida ya yarda ya ba shi sitiyari. Wannan makaranta ta haifi gwanaye, amma ba ta da ƙa'ida: abin da maigida ya sani shi yaro zai gada, daidai ko kuskure.

Hanya ta biyu ita ce makarantar tuƙi. Permi iri-iri ne: B na ƙaramar mota, C na kamyon da ya wuce tan 3 da rabi, D na motar fasinja, E na mai jan tirela. Kowane mataki da nasa kuɗi: na makaranta, na takardar likita, na tambur, na jarrabawa. Dalilin tsadar a fili yake. Babbar mota takan sha gazuwal lita 30 zuwa 40 a kilomita 100, ga taya, ga inshora, kuma malami ba ya koya ma mutum biyu tuƙi a lokaci guda. Ɗan talakan da ya fi kowa sanin mota shi ne kuɗi ke tare ma hanya.

A nan ne taimakon gwamnati ke da amfani. Akwai asusun FAFPA, wanda aka kafa domin tallafa ma koyon sana'a, kuma harajin koyon sana'a da kamfanoni ke biya yana cikin abin da ke ciyar da shi. Amma dukiyar ƙasa amana ce, tilas a san yadda za a kashe ta. In an biya makaranta bisa yawan waɗanda ta rubuta, za ta cika aji ta bar mota a ajiye. Gara a riƙe wani kashi sai ɗalibi ya ci jarrabawa ya sami aiki. Masu motoci kuma su sa hannu, tun da su ne za su ci moriyar direban, shi kuwa ya yi alkawarin zama da su wani lokaci sananne.

Horon kuma kada ya tsaya ga juya sitiyari. Tun shekarar 2005 ƙungiyar UEMOA ta kafa doka mai lamba 14 kan iyakar lodin da mota za ta ɗauka, domin lodi fiye da kima shi ke cinye kwalta ya kashe birki. Ba mu manta da daren Mayu 2019 ba, sa'ad da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, ta kama wuta, mutum fiye da 55 suka rasu. Mai ɗaukar mai dole ya san abin da zai yi in hatsari ya auku.

Saura magana guda. Littafin dokokin hanya da Faransanci yake, karnukan mota da yawa kuwa ba su shiga lakwal ba. Kamata ya yi a koyar da dokokin da Hausa da Zarma, a kuma buɗe ajin yaƙi da jahilci a tashoshin Maraɗi da Tawa da Damagaram. Ku da kuka riga kuka iya karatu, ku isar da wannan magana ga ƙannenku na tasha. Rigakafi ya fi magani.