Alƙalamin Haya da Alƙalamin Kyauta

Duk wanda ya san Illela ya san ba shanu da albasa kaɗai ke yawo a garin ba, har da takarda. Ran Lahadi in kasuwa ta cika, mutanen Ƙonni da na Tawa suka haɗu da na Sakkwato, kowa da abin da ya ke so a buga masa: wannan rasidi, wancan lissafin kaya, wani takardar yarjejeniya, malamin makaranta kuwa tambayoyin jarrabawa. A zamanin da, akawu ne ke wannan aiki da tafireta. Sau ɗaya ya ke sayenta, ta zama tasa har ta tsufa. Yau kwamfuta ta gaji tafireta, amma ita ba ta rubutu sai da manhaja a cikinta, manhajar nan kuwa tana da mai ita.

Wadda aka fi sani ita ce ta kamfanin Microsoft na Amurka, watau Word ta rubutu, da Excel ta lissafi, da PowerPoint. Ba mai musun kyanta. Ana iya sayenta gaba ɗaya, amma kamfanin ya fi karkata ga bayar da ita haya da sunan Microsoft 365, a biya duk wata ko duk shekara. In wa'adi ya cika ba a biya ba, mutum na iya buɗe takardarsa ya karanta, amma ba shi da ikon gyara ko baƙi guda. Wanda ya saya gaba ɗaya ma bai tsira ba, gama ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin ya daina kula da Office 2016 da Office 2019, ba sauran gyara ko tsaro da za a aiko musu.

To, haya ba ta san an rufe iyaka ba. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamban 2020. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024. A tsakanin nan kuma, tun da aka saki Naira a Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ciniki ya ja baya, kayan waje suka yi tsada. Saboda haka da yawa su kan koma ga manhajar da aka fasa makullinta. Wannan kuwa cin haƙƙin mai abu ne, sa'an nan sau da yawa ta nan cutar kwamfuta ke shiga, ta lalata aikin shekaru cikin dare ɗaya.

Akwai hanya ta uku, sunanta LibreOffice. Asalinta wata manhaja ce ta Jamus, StarOffice, wadda kamfanin Sun ya saya a 1999, ya saki asirin gininta ga kowa a 2000 da sunan OpenOffice. Da kamfanin Oracle ya saye Sun a 2010, sai masu yi mata hidima suka ware, suka kafa gidauniyar The Document Foundation, mazauninta Balin, suka ci gaba da aikin. A cikinta akwai Writer ta rubutu, da Calc ta lissafi, da Impress. Kyauta ce, kuma masu ita sun yarda a kwafa a ba wani. Watau mutum ɗaya na iya sauke ta a Sakkwato, ya sa a filashi, ya raba wa dukan shagunan layinsu, ba laifi a kansa. In ta zauna a kwamfuta ba ta bukatar intanet.

Amma babban amfaninta ya wuce kuɗi. Tana ajiye takarda bisa wani tsari da a ke kira ODF, wanda hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta amince da shi a 2006. Tsarin nan a fili ya ke, ba na kamfani ɗaya ba ne, kowane mai gina manhaja na iya bin sa. Littafin bashin falke, da rajistar ɗaliban makaranta, abubuwa ne da za a nema bayan shekara ashirin, bai kuwa kamata makullinsu ya zauna a aljihun wani ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ga mai shago a bakin iyaka akwai ƙarin sauƙi. Tana da ƙamus na gyaran Turanci da na Faransanci, tana kuma rubutu daga dama zuwa hagu. Ƙungiyar SIL ta sassaƙa baƙaƙen ajami na kwamfuta ta bayar kyauta: Alkalami, wanda ya bi hannun marubutan Kano, da Harmattan. Da su a ke iya buga wasiƙar ajami ta fito tsaf.

Kada kuwa a ɓoye aibinta. Tana buɗe takardun Word da Excel, tana kuma ajiyewa a tsarinsu, amma wani lokaci layi ya kan goce, jadawali ya karkace, shafi ɗaya ya zama biyu. Yawanci dalili shi ne rashin irin baƙaƙen da aka yi rubutun farko da su. Maganin wannan a sa Carlito a madadin Calibri, da Caladea a madadin Cambria, da Liberation Serif a madadin Times New Roman, gama faɗinsu ɗaya ne. Umarnin da wasu akawuna ke ɗinkawa cikin Excel don lissafi ya riƙa yin kansa, ba duka ke aiki a Calc ba. Hannun da ya saba da wuri ɗaya kuma sai ya yi lalube kafin ya gane sabon wuri.

Manyan hukumomi sun bi hanyar nan, labarinsu kuwa akwai darasi. Majalisar birnin Munik a Jamus ta yanke shawara a 2003 ta bar kayan Microsoft, har aka sauya kwamfuta kusan 15,000. A 2017 majalisar ta jefa ƙuri'a a koma, cikin dalilan da aka kawo har da wahalar musayar takardu da sauran ofisoshi. Jandarmomin Faransa kuwa daki-daki suka bi: a 2005 suka sauya manhajar ofis kaɗai, sai da ma'aikata suka saba sa'an nan suka taɓa sauran, suka kuwa dore. A 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein a arewacin Jamus ta yanke a mai da kwamfutocinta 30,000 kan LibreOffice, ta ce babban dalilinta shi ne ikon takardun hukuma ya zauna a hannun hukuma.

Saboda haka mai shago a Illela, ko shugaban makaranta, ko akawun dillalai, kada ya yi gaggawa. Da fari ya kwafe dukan takardunsa a wuri biyu. Sa'an nan ya sa sabuwar kusa da tsohuwar, gama suna zama tare ba faɗa. Ya fara da wasiƙa da rasidi, ya bar lissafi mai sarƙa sai hannu ya faɗa. Takardar da za a aika don karatu kawai ya mai da ita PDF, ba ta gocewa ko'ina ta je. Wadda wani ofis ya ce lalle sai a tsarin Word, ya ajiye a haka, ya duba ta kafin ya aika. Wanda kuwa aikinsa ya ɗaure shi ga Excel, ya biya ta hanyar da ta dace, ya huta da fargaba.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa a dace. Wasalam.