FABRIYANO, GARIN MASU TAKARDA

Babu akawu ko malamin makaranta da zai wuni bai taɓa takarda ba, amma kaɗan ne daga cikinmu su ke tambayar inda aka koyi yinta har ta yi ƙarko haka. To, yau za mu kai masu karatu wani ɗan gari na ƙasar Italiya, sunansa Fabriyano. Yana cikin wani kwari tsakanin duwatsu, a kan hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Rum zuwa Ankona, mutanensa kuwa ba su cika 30,000 ba.

Ba mutanen Fabriyano ne suka ƙago takarda ba. Mutanen Sin ne, daga wurinsu Larabawa suka koya, suka yaɗa ta daga Samarƙandi da Bagadaza har Andalus. Sai dai takardar wancan zamani tana da aibu guda. Da ƙullun alkama ko na shinkafa a ke shafe ta don kada ta sha tawada, ƙullu kuwa abincin ƙwari ne, ga danshin ƙasashen Turai. Saboda haka a shekarar 1231 Sarki Faradarik na Biyu ya hana a rubuta takardun hukuma a kanta, ya ce sai a fata. Akawun da ya taɓa buɗe tsohon fayil ya tarar gara ta riga shi, ya san abin da Sarkin nan ya ke gudu.

Cikin ƙarni na 13 ne masu sana'a na Fabriyano suka gyara al'amarin, kuma abin sha'awa, yawancin dabarun daga maƙwabtansu suka aro. Da ma garin na masu aikin ulu ne da majema. Masu ulu suna da manyan guduma na itace waɗanda ruwan kogin Jano ke ɗagawa yana saukewa, suna bugun tufa, kamar 'yan bugu na Kano, illa dai nasu ba ya bukatar damtse. Sai masu takarda suka kafa wa guduman nan ƙusoshi, suka sa su dakan tsumma har ya zama kamar kunu. Daga majema kuwa suka karɓi guntayen fata da a ke zubarwa, suka dafa, suka sami wani danƙo da ya maye gurbin ƙullu. Takardar da aka tsoma cikinsa ba ta shan tawada, ƙwari kuma ba su damu da ita kamar da ba.

Dabara ta uku ita ce tambari, wanda aka fara gani wajen shekarar 1282. A kan lanƙwasa siririyar waya a yi siffar ƙararrawa ko fure ko wani abu, a ɗinka ta a kan rariyar da a ke ɗibar kunun tsumman. Inda wayar ta ke, takarda ta kan fi sirantaka, sai an ɗaga ta wajen haske kana a ga alamar. Da ita mai saye ke sanin ma'aikatar da ta yi. Mutanen garin sun yi kishin sana'arsu ƙwarai, har suka kafa doka cikin ƙarni na 15 wadda ta hana kafa ma'aikatar takarda cikin tazarar mil 50 daga garin, ta kuma hana koyar da sana'ar ga wanda ba mazaunin garin ba. Dokar ba ta hana kome ba, gama masu sana'ar da kansu suka yi ta ƙaura da ita.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Duk wanda ya ɗaga warƙar wani tsohon littafi na malamanmu na Sakkwato ko Kano ko Barno, sau da yawa zai ga jinjirin wata uku a jere. Takardar Italiya ce, an yi ta a ma'aikatun arewa maso gabas, wajen Fenis, ta biyo ta Masar ko Tarabulus, raƙuma suka ƙetaro da ita hamada. Ba a Fabriyano aka yi ta ba, amma dabarar tambarin daga can ta fito. Muna ganin malamin labarin ƙasa da ya aro warƙa guda ya nuna wa yara a bakin taga, ya fi wanda ya cika allo da sunayen garuruwa.

Baƙon da ya je yau zai tarar da dandalin gari yadda magabata suka bar shi, da gidan alƙali na dutse da aka gina a 1255, da maɓuɓɓugar ruwa ta 1285 a gabansa. Akwai gidan tarihin takarda a wani tsohon gidan masu ibada, inda har yanzu a ke yinta da hannu a gaban masu kallo. Garin kuma shi ne mahaifar Jantile, mashahurin mai zane wanda ya rasu a 1427. Nan kusa akwai kogunan dutse na Farasasi, waɗanda aka gano mafi girmansu a 1971. Musulmi dai ya kula a kasuwa, don busasshen naman da garin ke alfahari da shi na alade ne.

Sana'ar kuwa ta sha hawa da sauka. Ta durƙushe bayan Faransa da Holan sun ƙwace kasuwa, sai Pietro Miliani ya kafa ma'aikatarsa a 1782 ya farfaɗo da ita, har ta kai ga yin takardar kuɗi. A 2013 UNESCO ta sa garin cikin jerin garuruwan sana'ar hannu. Amma a 2024 kamfanin Fedrigoni, mai ma'aikatar, ya ba da sanarwar daina yin takardar ofis a can, watau irin wadda akawu ke amfani da ita, saboda ciniki ya ja baya tun da ofisoshi suka koma ga kwamfuta. Takardar masu zane ita ce a ke ci gaba da yi da sunan garin.