Tausar Ƙashi Ga Mai Barin Giya: Ina Iyakar Amfaninta?

Mashayin da ya daɗe yana ɗirkar barasa, ko burukutu ko ogogoro, ranar da ya ce ya bari, jikinsa ba ya yarda da sauƙi. Dalili kuwa shi ne giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma sai ta ƙara himma don ta rama. Da zarar an janye giyar farat ɗaya, sai ƙwaƙwalwar ta zabura babu linzami. Cikin awa 6 zuwa 24 akan ga makyarkyata, da gumi, da tashin zuciya, da rashin barci. Waɗansu sukan faɗi suna shure-shure kamar masu farfaɗiya kafin kwana 2. Daga kwana 2 zuwa 4 kuwa akan sami gigita da gane-gane, wanda kan kai ga mutuwa idan ba a kula ba.

A ƙasashen Turawa akwai masu neman sauƙin wannan wahala wajen masu ostiyofati, watau gyaran jiki ta hanyar tausa da motsa gaɓoɓi. Wani likitan Amurka, Andrew Taylor Still, shi ya ƙago ta a 1874, bayan sanƙarau ya kashe masa 'ya'ya uku. A 1892 ya buɗe makarantarta a garin Kirksville. Ingila ma ta yi dokar kula da masu wannan sana'a a 1993.

To, amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Inda aka fi shaidar amfanin tausar shi ne ciwon baya. Tana iya sassauta tsamin jiki da ɗaurewar wuya ga mai barin giya, har ya ɗan sami natsuwa. Sai dai ba ta hana faɗuwa, ba ta kuma tare gigita, domin tushen cutar yana cikin ƙwaƙwalwa ne.

Abin da ke ceton rai shi ne maganin asibiti irin su Valium, wanda likita ke bayarwa yana rage shi sannu a hankali, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Aro a Abeokuta, da Yaba a Ikko, da Barnawa a Kaduna duk suna karɓar irin waɗannan marasa lafiya.

Saboda haka iyalin da ɗansu ya ƙudura barin kwalba, su fara kai shi ga likita kafin ya ajiye ta. Tausa ta biyo baya, bayan kwanakin haɗari sun wuce.