Babban baƙi da ƙaramin baƙi: yadda manhaja ke tsallake imel ba ka sani ba

Kowane imel da ya shigo wayarka yana ɗauke da wasu layuka a samansa, irin su From, To, Subject, Date da Message-ID. Waɗannan su ne kan saƙo. Gmail yana ɓoye yawancinsu, amma idan ka buɗe shi a kwamfuta ka zaɓi "Show original" za ka gan su duka.

A ce kai matashi ne mai koyon rubuta manhaja a Gusau. Wani mai POS a Bungudu, ko ɗan kasuwar hatsi a Tsafe, ya ba ka aikin haɗa manhajar da za ta riƙa karanta imel ɗin alat na banki tana shigar da kuɗin cikin lissafi. Ka umarce ta da ta nemo layin da sunansa "Subject". Ranar da saƙo ya zo da "subject" ko "SUBJECT", sai ta wuce shi shiru. Kuɗi sun shiga, lissafi bai nuna ba, sai zargi ya faɗa kan yaron shago.

Me ƙa'ida ta ce?

Tun daga RFC 822 na 1982 har zuwa RFC 5322 na 2008, ba a bambanta babban baƙi da ƙarami a sunayen layukan kan saƙo. Saboda haka wanda ya aiko saƙon bai karya doka ba, gyaran yana wajen manhajarka.

Kowane laburare da irin dabararsa. Laburaren email na Python yana nemo layi ko da wane irin baƙi aka rubuta sunansa. Na net/mail a harshen Go yana daidaita sunayen, Message-ID ya koma Message-Id. Shi kuwa Gmail API jerin sunaye yake miƙo maka, kwatantawa ta rage naka.

Mafita

Ka mayar da sunan layi ƙananan baƙaƙe kafin ka kwatanta. Amma kada ka taɓa abin da ke cikin layin, domin lambar Message-ID ana amfani da ita ne yadda ta zo. Kafin ka miƙa aiki, ka gwada manhajar da saƙo uku: "Subject", "subject" da "SUBJECT". Idan ta kama dukansu, to ka karɓi kuɗin aikinka da kwanciyar hankali.