Dabarar Gusa Haruffa da Yadda Ta Ke Karo da Rubutun Boko

Sakaya magana cikin haruffa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gwandu. Malaman zamanin Abdullahi ɗan Fodiyo sukan rufe waƙa da ramzi, watau su sa haruffa a madadin lambobin shekara bisa lissafin Magariba, inda harafin shin ya ke dubu. Yara kuma suna da zaurancensu.

Akwai wata dabara dabam wadda ta shiga na'urar kwamfuta, ita ce gusa kowane harafi gaba da adadi guda. Suetonius ya ruwaito cewa Yuliyas Kaisar na Rum yakan gusa da 3. Bisa wannan ƙa'ida, sunan garin Dalijan sai ya koma Gdolmdq. A farkon shekarun 1980 aka yawaita gusawa da 13, aka kira ta ROT13. Da ya ke haruffan Ingilishi 26 ne, in aka maimaita sai rubutu ya koma asalinsa. A nan Dalijan ya zama Qnyvwna.

To, Hausa ba ta zauna daidai cikin wannan ma'auni ba. Tsarin ASCII na 1963 bai san ɓ, ɗ da ƙ ba, saboda haka manhajar da aka gina kan haruffa 26 takan tsallake su. Ɗaki ya zama ɗnxv, ƙasa ta zama ƙnfn, lanƙwasa na tsaye a fili tana tona asiri. Haka kuma na'ura takan raba sh da ts gida biyu, alhali kowannensu sauti guda ne.

Babban rauninta ma ya riga kwamfuta. Tun ƙarni na 9 al-Kindi ya bayyana a Bagadaza cewa ƙidayar haruffa tana warware irin wannan ɓoyo. Wasalin a shi ya fi kowane harafi yawa a Hausa, kusan dukan kalmomi kuma da wasali su ke ƙarewa. Wanda ya ga n ya cika shafi ya riga ya sami mabuɗi. Ko bai ƙidaya ba, gwaji 25 ya ishe shi.

Saboda haka malamin da ya sakaya tambayoyin jarrabawa ta wannan hanya bai ɓoye kome ba. Amfaninta na cikin aji ne: ɗalibin da aka ba shi shafi ya warware, lalle ya ƙidaya wasula da baƙaƙe da hannunsa, ya gane ginin gaɓar Hausa.