Ɓarnar da Ke Ɓoye Cikin Haƙori

Magina sun san halin gara. Sau da yawa akan ga ɗaki sumul da sabon yaɓe, alhali kuwa gara ta cinye itacen rufin daga ciki. Haka ruɓa take yi wa haƙorin da aka riga aka gyara.

Yaro yana da haƙoran nono 20, babban mutum kuwa 32. Kowane haƙori yana da farin ɓawo a waje, wanda ya fi kome tauri a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai sauƙin tauri, can tsakiya kuma akwai jijiya da hanyoyin jini. Mutanen da suna cewa tsutsa ce ke cin haƙori, amma ba haka ba ne. Waɗansu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke zaune a baki. In mutum ya sha alewa ko rake, sai su ci zaƙin da ya maƙale, su fid da wani ruwa mai tsami. Tsamin nan shi ke narkar da ɓawo a hankali, har ya yi kogo.

Likitan haƙori yakan kankare ruɓar, ya cike kogon. In ɓarnar ta yi yawa, sai ya sanya wa haƙorin hula ta ƙarfe ko ta tangaran. To, ciko da hula ba sa ruɓewa, amma haƙorin da ke ƙarƙashinsu yana iya ruɓewa. Yau da gobe, saboda tauna, bakin cikon yakan ɗan rabu da haƙori. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan 'yar kafa ƙwayoyin cuta suke kutsawa, su yi ta aikinsu inda asuwaki ba ya kai.

Akwai alamun da ke tona asirinsu. Haƙori yakan yi zogi in an sha ruwan sanyi ko abu mai zaƙi. Abinci yakan riƙa maƙalewa wuri guda, baki ya yi ɗoyi, dasashi ya kumbura, ko cikon ya soma motsi. Amma wani lokaci babu ciwo ko kaɗan, musamman in an riga an cire jijiyar haƙorin.

Don haka likita yakan duba da ɗan madubi, ya bi gefen cikon da wani siririn ƙarfe, ya ji ko akwai tsaga ko taushi. Sa'an nan ya ɗauki hoton da ke nuna cikin ƙashi. Wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, shi ya gano hasken da ake ɗaukar hoton nan da shi a shekarar 1895. A cikin hoton ƙarfe yakan fito fari fat, ruɓa kuwa ta fito duhu-duhu kamar inuwa. Sai dai hasken ba ya ratsa hular ƙarfe sosai, saboda haka in likita ya yi shakka, wani lokaci dole ya cire hular ya gani da idonsa.

In an gano ruɓar da wuri, sabon ciko ya isa. In an yi sakaci, takan kai ga jijiya, wurin ya tara mugunya, har a rasa haƙorin ɗungum, wanda kuwa ba zai sake tsirowa ba. Yaro mai hankali yakan goge baki safe da dare, ya rage shan zaƙi, ya gaya wa iyayensa da zarar ya ji zogi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Me ke narkar da ɓawon haƙori?
2. Ta ina ƙwayoyin cuta suke shiga ƙarƙashin ciko?
3. Don me likita yakan cire hular ƙarfe?